Kwamitin Magunguna Zai Rubuta Manufofin Baɗi: Daga Ina Za a Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, mai gado ɗari da 'yan kai. An sa ni sakatariyar kwamitin magunguna, kuma shugaban asibiti ya ba mu wata guda mu kawo masa manufofin da za mu bi baɗi don rage kurakuran magani. A zamanmu na farko mun rubuta biyu: kawar da duk wani kuskuren magani, da wayar da kan ma'aikata. Kowa ya amince, amma ni hankalina bai kwanta ba. Yaya ake tsara irin waɗannan manufofi yadda za su yi amfani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Sista. Allah ya taya ki riƙo. Hankalinki da bai kwanta ba gaskiya ya faɗa miki. Na daɗe ina aikin harhaɗa magunguna a asibitocin gwamnati, na zauna a irin wannan kwamiti ba sau ɗaya ba, kuma waɗannan layuka biyu na sha ganin su a takarda. Fata ne mai kyau, amma fata daban, manufa daban. Ga yadda nake gwadawa. Ki karanta layin, sannan ki tambayi kanki: in na shiga ɗakin haihuwa ranar Litinin da safe, me zan buɗe, me zan ƙirga, in san mun cika ko ba mu cika ba? In babu abin buɗewa babu abin ƙirgawa, to layin zai kwanta a fayil har ƙarshen shekara, a karanta shi a taro, kowa ya gyaɗa kai a watse.

Na farkon ma yana da haɗari, kuma zan tsaya a kansa. Idan kuka ce za ku kawar da duk kuskure, da me za ku auna? Abin da ke hannunku kawai shi ne rahotannin da ma'aikata ke kawowa. Ranar da shugaba ya sanar cewa burin asibiti shi ne sifili, duk nas ɗin da ta yi kuskure ta san cewa takardarta ce za ta ɓata lissafin ɗakinsu. Sai ta yi shiru. A wani asibiti da na yi aiki, akwai ɗaki biyu na kwanciya da ke kallon juna. Ɗaya shekara ta zagayo bai kawo rahoto ko guda ba, ana ta yaba wa shugabarsa. Ɗayan kuwa kullum da takarda: an kusa ba wannan maganin wancan, an samu allura ta wuce wa'adi a kabad. Da muka ɗebi katunan ɗakunan biyu muka zauna muka duba, kurakuran iri ɗaya ne, yawansu ma kusan ɗaya. Bambancin kawai, ɗaki guda yana faɗa, ɗaya yana binnewa. Tun daga ranar na daina yarda da sifili a takardar rahoto.

Ko Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce sifili ba. A watan Maris na 2017, a birnin Bonn na Jamus, ta ƙaddamar da shirinta na kare marasa lafiya daga cutuwar magani, kuma abin da ta ɗaukar wa kanta shi ne rage cutuwa mai tsanani, wadda za a iya kauce wa, da kashi 50 cikin ɗari a shekara biyar. Ki lura da kalmomin: mai tsanani, kuma wadda za a iya kauce wa. Ta ƙiyasta cewa kurakuran magani suna cin dala biliyan 42 a duniya duk shekara, ta kuma nuna wurare uku da ɓarnar ta fi taruwa: magunguna da yanayi masu haɗari, shan magunguna barkatai a lokaci guda, da lokacin da majiyyaci ke sauya hannu, daga ɗaki zuwa ɗaki ko daga asibiti zuwa gida. Waɗannan ukun ku ɗauke su a matsayin fitila. Amma kashi 50 ɗin nan kada ku kwafa, domin rabin abin da ba a san adadinsa ba, ba a san shi ba.

Shi ya sa cikin watan nan da aka ba ku, mako biyun farko na ƙirga ne. Ba kwa buƙatar kwamfuta. Ku ɗebi katin majiyyata 30 daga kowane ɗaki, ba zaɓaɓɓu ba, ku bi su jere kamar yadda suka zo. A ɗakin yara ku duba nawa aka rubuta nauyin yaro a kilo. A duk ɗakuna ku duba nawa aka cike gurbin da ake tambayar ko wani magani yana ɓata wa mutum jiki, nawa aka tsallake allura ba a rubuta dalili ba, nawa rubutun likita bai karantu ba sai an yi hasashe. Sannan ku zaga da ƙafa. Ki buɗe kowane kabad, kowace tire ta gaggawa, kowane firji, ki sa hannu a ciki ki ji ko da sanyi. Ki koma da dare, wajen ƙarfe biyu, lokacin da nas ɗaya ke riƙe da gado talatin da fitilar waya, don asibitin rana da asibitin dare ba ɗaya ba ne. Ki zauna da ita ki tambaye ta wane magani ne in ta ɗauko shi gabanta ke faɗuwa. Amsar da za ta ba ki ta fi duk abin da zan rubuta a nan. Daga ƙarshe ku ɗauko fayilolin waɗanda suka rasu a wata shida da suka wuce, musamman masu haihuwa da jarirai, ku bi su a tsanake, kuna neman inda magani ya yi yawa, ya yi kaɗan, ya makara, ko bai zo ba sam.

Za ku fito da matsaloli sun fi ashirin. Ku ɗauki uku, in kun matsa huɗu. Na san akwai zafi a ajiye sauran, amma taura biyu ba ta taunuwa, balle ashirin. Ma'aunin zaɓi shi ne: wanne ne in ya kuskure yake kashewa ko ya nakasa, kuma gyaransa yana hannunmu, ba sai an jira ma'aikatar lafiya ba?

Da ni ne, kafin ma a rubuta komai, zan fara da fotasiyom kuloraid mai ƙarfi, wato gishirin da ake sirkawa a ruwan ƙari ga wanda fotasiyom ɗin jikinsa ya yi ƙasa. 'Yar kwalba ce mai ruwa fari tas, ta yi kama da ruwan haɗa allura kamar an tsaga kara. In aka zuƙe ta bisa kuskure aka tura a jijiya kai tsaye, zuciya tsayawa take cikin 'yan mintuna, kuma sau da yawa ba a ma gane dalili, sai a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Asibitocin Ingila sun yi shekaru suna jan kunnen ma'aikata a kan wannan, ana ci gaba da mutuwa. A 2002 hukumar kare marasa lafiya ta ƙasar ta ba da umarni a kwashe shi daga ɗakunan kwanciya na gama-gari, a bar shi a ma'ajiyar magani da 'yan sassan da ba makawa, a kulle. Hannun da ya gaji ba zai ɗauko abin da babu shi a kabad ba. Darasin da ke nan ya shafi duk manufofinku. Gyara hawa-hawa ne. Mafi rauni shi ne tunatarwa: lacca, fosta a bango, "a riƙa kula". Na tsakiya shi ne takardar ƙa'ida da mutum na biyu mai dubawa. Mafi ƙarfi shi ne a sauya wurin aikin kansa yadda kuskuren ba zai yiwu ba, ko ya yi wuya. Layinku na biyu, wayar da kai, yana can ƙasan tsani. Ana buƙatarsa, amma ma'aikatan da kuka horar a Janairu, rabinsu an yi musu sauyin wurin aiki kafin damina, sababbi sun zo. Kabad kuwa yana nan.

Ɗakin haihuwa shi ne inda zan kashe mafi yawan ƙarfin kwamiti, saboda magunguna biyu. Na farko magnesiyom salfet, maganin jijjigar masu ciki. Wannan magani alheri ne. Lokacin da aka shigar da shi manyan asibitoci 10 na jihar Kano a 2008, tare da horo da rubutacciyar ƙa'ida, mutuwar masu jijjiga ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Amma lissafinsa yana rikita mutum, kuma tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke tsayar da numfashi ba nisa. Kwalbar tana zuwa da ƙarfin kashi 50. A tsarin da aka fi bi a asibitocinmu, ana fara da giram 4 a jijiya a hankali, bayan an sirka shi ya koma kashi 20, wato mililita (mil) 8 na magani da mil 12 na ruwan allura, sai giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura ta gaba sai an buga gwiwa an ga ta harba, an ƙirga numfashi bai gaza 16 a minti ba, an auna fitsari bai gaza mil 30 a awa ba. Ki yi tunanin ungozoma guda, mace tana jijjiga a kan gado, dangi sun cika ƙofa suna salati, ita kuma tana wannan lissafi a ka. Na taɓa tsayawa a irin wannan ɗaki, aka ga numfashin wata ya yi ƙasa bayan allura ta uku, aka nemi kalsiyom gulukonet, makarin maganin, sai aka ce yana ma'ajiya, mai makulli kuma ya tafi gida. Allah ya yi da sauran kwananta, wani ya ruga da babur ya samo. Ba na manta fuskar ungozomar nan, tana riƙe da hannun matar tana ƙirga numfashi da ƙarfi.

Manufa a nan za ta iya zama kamar haka, a matsayin misali: kafin ƙarshen watan Maris, akwai akwatin jijjiga a ɗakin haihuwa da ɗakin gaggawa, a cikinsa magnesiyom, kalsiyom gulukonet, ruwan allura, sirinji na mil 20 da na mil 10, da kati mai lissafin mil-mil a manne a murfin, ana duba shi a kowace miƙa aiki, a sa hannu, kuma kafin ƙarshen Yuni, cikin kowace mace 10 da aka yi wa maganin, aƙalla 9 an rubuta gwiwa, numfashi da fitsari kafin kowace allura. Mai alhaki: shugabar ɗakin haihuwa, da sunanta. Kin ga wannan, ranar Litinin akwai abin buɗewa.

Na biyu shi ne oksitosin, allurar da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Matsalarsa ba lissafi ba ce, zafi ne. Ana so a ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, mu kuwa a watan Afrilu ɗakin haihuwa kansa tanderu ne. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda aka yi tare da NAFDAC, ya gwada samfuran oksitosin daga sassan Najeriya, kusan kashi 74 cikin ɗari suka faɗi gwaji. In kika ji ungozoma ta ce ita kwalba biyu ko uku take yi don ɗaya ba ta kamawa, kada ki yi mata faɗa, bayani ta ba ki a kan firjinku da kuma inda kuke saye. Manufar a nan ma'aunin zafi ne a cikin firji, da takardar da ake rubuta shi safe da yamma, da yarjejeniya a rubuce kan inda za a kai maganin in wuta ta ɗauke.

Sai ɗakin yara. A wurin yaro kowane magani da kilo ake lissafa shi, amma ki duba katunan nan 30, za ki ga nawa ne aka kalli yaro aka ce "zai kai kilo goma". A ƙasar da tamowa ta yi yawa, shekaru ba sa faɗin nauyi: ɗan shekara uku yana iya zama kilo 14, yana iya zama kilo 8. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 3 ce a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai. Yaro mai kilo 12 da aka ɗauka 8 ne, an rage masa kashi ɗaya cikin uku na maganin da zai cece shi, kuma ba wanda zai kira wannan kuskure, za a ce zazzaɓin ne ya yi tsanani. A wurin jarirai abin ya fi tsauri. Jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, yana zuwa da miligiram 80 a cikin mil 2. Jariri mai kilo 2 a makonsa na farko miligiram 6 yake buƙata, wato mil 0.15. Ki ba nas sirinji na mil 5 ki ce ta auno wannan. Ba za ta iya ba, ni ma ba zan iya ba, kuma abin da ya ƙaru ƙoda da kunne yake taɓawa. Maganin abin shi ne a sirka kwalbar ta koma mil 8, kowane mil ya zama miligiram 10, jaririn ya samu mil 0.6 da ƙaramin sirinji na mil 1. Don haka manufar ɗakin yara ƙafa uku gare ta: sikeli mai aiki a inda ake karɓar yara, jadawalin kilo da mil a bango daidai inda ake haɗa allura, da doka cewa ma'ajiyar magani ba za ta sallami takardar yaro ba in babu nauyi a kanta. Ta ukun ita ce mai haƙori. Za a yi gunaguni mako biyu, likitoci za su ce ana ɓata musu lokaci, daga nan sai ta zama jiki.

Rubutu kuma ba ya cin ko kwabo. Hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka, Joint Commission, ta fitar da jerin gajerun rubutun da ta haramta a 2004, kuma kusan duka sun shafe mu. Harafin U, wato "unit", ma'aunin insulin, da ake sawa bayan adadinsa, in hannu ya yi sauri sai ya koma sifili, 6U ta zama 60. Rubuta .5 ba sifili a gaba, ɗigon ya ɓace, ta zama 5. Rubuta 5.0, ta zama 50. Tunda na ambaci insulin, ki duba sirinjin da ke kabad ɗinku da wanda 'yan jinya ke sayowa. In insulin mai ƙarfin 100 ne aka zuƙa da sirinjin da aka zana don mai ƙarfin 40, majiyyaci ya samu ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta.

Akwai abu guda da littattafan waje ba za su faɗa miki ba. Su suna cewa a tantance majiyyaci da suna da ranar haihuwa. Mu a ɗakin mata guda za ki samu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya har uku, kuma da yawa ba su riƙe ranar haihuwa ba. Ga alkunya: uwa ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba, ki tambaye ta sai ta sunkuyar da kai, ko ta ba ki laƙabin gida wanda ba shi ne a kati ba. Ga kara: ki kira sunan da ba nata ba, baiwar Allah ta amsa don kada ta ba ki kunya. Lambar gado kuwa ba abin dogaro ba ce, ana sauya gado da dare. Abin da ya yi mana aiki shi ne suna da lambar kati, a rubuce a kan filasta a ɗaura a hannu, kuma in masu suna ɗaya suka haɗu a ɗaki a sa jan alama a katunansu, a raba gadajensu nesa da juna.

Duk manufar da kuka rubuta, ku haɗa ta da tambayar: me gyaran nan zai iya ɓatawa? In kun kwashe fotasiyom daga ɗakuna, yaron da gudawa ta zuƙe wa gishirin jiki da tsakar dare, minti nawa za a ɗauka kafin a samo masa? In kun tsananta a kan magnesiyom, kada tsoro ya sa ungozomomi su koma ba da rabin adadi, ko su tura mace wani asibiti ba tare da allurar farko ba, don wannan ya fi kisa. Ku riƙa ƙirga waɗannan ma. Kuma kada ku auna kanku da yawan mace-mace kawai a shekarar farko. A asibiti mai gado ɗari lambobin ƙanana ne, wata guda su hau, wata su sauka, ba tare da kun yi komai ba. Ku auna aikin da kuka san yana hana mutuwar, kati 20 a kowane wata sun isa, ku zana sakamakon da hannu a kan takarda ku manna a ɗakin da abin ya shafa, yadda masu aikin za su ga layin yana hawa.

Mu koma kan rahoto. Ni shawarata ku sa manufa cewa rahotanni su ƙaru, musamman na kuskuren da aka tare kafin ya kai ga majiyyaci, don shi ne darasin da ba a biya da rai ba. Amma wannan ba zai yiwu ba sai shugaban asibiti ya faɗa da bakinsa, ya kuma sa hannu, cewa wanda ya kawo rahoton kuskurensa ba za a bi shi da takardar tuhuma ba. Wannan ba sakaci ba ne. Akwai wanda hannunsa ya kuskure duk da yana kula, wannan a rarrashe shi a gyara wurin. Akwai wanda ya saba yanke hanya saboda aiki ya yi yawa kuma kowa haka yake yi, wannan a zauna da shi a gano abin da ya sa hanyar daidai ta yi wuya. Akwai kuma wanda ya zo aiki a buge, ko ya rubuta ya yi allurar da bai yi ba, ko yake karkatar da magani, wannan hukunci ne ya dace da shi. In aka haɗa ukun aka yi musu bulala ɗaya, na farko da na biyu za su koyi ɓoyewa. Takardar rahoton ta zama rabin shafi, a iya cike ta cikin minti uku, suna ba dole ba. Kuma duk wanda ya kawo, cikin mako biyu ya ji abin da aka yi a kai. Rahoton da aka jefa rijiya ba a ji ƙararsa ba, ba a sake kawo na biyu.

Ingancin maganin kansa ma yana cikin aikinku, kuma mu 'yan Najeriya mun san zafinsa. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da gubar dayetilin gilaikol. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya kashe aƙalla 84 da wannan guba. A 2022 kimanin yara 70 suka tafi a Gambiya ta hanyar magungunan tari da mura. A duk waɗannan, ma'aikatan asibiti ne suka fara lura cewa yara suna zuwa a jere fitsari ya ɗauke. Don haka ku tabbata takardar nan mai ruwan ɗorawa ta NAFDAC, ta kai rahoton illar magani, tana kowane ɗaki, ko a sauke manhajar Med Safety a waya, kuma a san mutum guda da ke tattarawa ya aika. Sannan ku fuskanci gaskiyar da kowa ya sani: in ma'ajiya ta ce babu, ɗan jinya ne ke fita bakin ƙofa ya sayo a leda. Ba za ku hana wannan a shekara guda ba. Abin da za ku iya shi ne ku ware magunguna kamar goma na ceton rai, ku ce waɗannan ba za su yanke ba ko da rana ɗaya, ku riƙa ƙirga kwanakin da suka yanke. Duk allurar da aka sayo daga waje kuma ta bi ta hannun mai harhaɗa magani kafin ta shiga jijiya.

Sallama kuwa ku ajiye ta zuwa rabin shekara na biyu, amma kada ku manta da ita. Tsoho mai hawan jini da ciwon suga zai koma gida da leda mai magani shida, ya tarar da tsofaffin da ke ƙarƙashin matashi, ga jiƙon da maƙwabci ya kawo, ya haɗa duka. In azumi ya zo, mai shan gilibenkilamaid, ƙwayar ciwon suga, zai sha da sahur kamar kullum, sugansa ya faɗi kafin la'asar. Abin da ke aiki shi ne a ce wa ɗan jinya ya kawo duk abin da ake sha a gida, har na gargajiya, a tambaya ba da faɗa ba, a ware wanda za a daina, sannan a ce ya maimaita da bakinsa yadda za a sha kowanne.

Abin da za ki kai wa shugaba shafi ɗaya ne. Kowace manufa da abin da kuka tarar a ƙirgarku, inda kuke son kaiwa, ranar, sunan mai alhaki, da kuɗin da za ta ci: sikeli nawa, ma'aunin zafi nawa, sirinji na mil 1 kwali nawa. Ki nemi ya sa hannu a kan kuɗin a zama ɗaya da manufofin, kuma ki roƙi a sa likita guda da ake jin maganarsa, da ungozoma mai aikin dare, da mai kula da ma'ajiya a cikin kwamitin in ba sa ciki. Ku tsayar da rana guda a wata, minti arba'in, ba jawabi, a ɗora takardun ƙirga a tebur a tambayi kowane mai alhaki me ya tare shi. Fotasiyom ɗin nan kuwa kada ki jira zaman kwamiti. Gobe da safe ki ɗauki mai harhaɗa maganinku da kwali guda, ku bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta adadin da kuka kwaso daga kowanne, sannan ku sanar da masu aikin dare inda makullin zai riƙa kwana.